Gawo, Gara da Duwatsun Inna

Gonar babana tana gabas da Garhanga, cikin ƙasar Keita, kuma a da gawo uku ne a cikinta. Kowace damina, idan hatsi ya kai gwiwa, sai ka ga gonar ta rabu biyu ba tare da an ja mata iyaka ba. Na gindin gawo baƙi wuluk, kara mai kauri, ganye mai faɗi. Ka yi taku goma sha biyar daga nan, sai ka tarar da wani hatsin daban, siriri, ganyensa na ƙasa ya yi ɗorawa kamar mai ciwon shawara. Iri ɗaya aka shuka, rana ɗaya, ruwa ɗaya ya sauka a kansu. Ina yaro na tambayi Baba dalili. Bai ko ɗago daga kan hauyarsa ba ya ce, "Ƙasa ma baki gare ta. Nan tana ci, can ba ta ci."

Na yi lakwal, na yi karatun koyarwa, yau ina zaune a Madawa, amma har yanzu wannan amsar nake warwarewa. Me ƙasa take ci? Wa yake kawo mata? In kuma ta rasa, ina abincin ya tafi?

Mu fara da murhu, don nan ne mata suka riga masana ganewa. Ka ƙona damin karan hatsi wanda namiji ke ɗauka da nishi, abin da zai rage toka ce da ba ta cika ƙwarya ba. Duk nauyin nan da ya tashi sama, tsiron daga iska da ruwa ya haɗa shi, da taimakon hasken rana. Tokar nan 'yar kaɗan ita ce rabon da ƙasa ta bayar. A cikinta akwai fotasiyam mai yawa, shi ya sa kakanninmu mata suke tace tokar kara su zuba ruwanta a miya maimakon kanwa. Akwai kuma fosfor da alli da wasu ma'adinai. Abu guda ne mai muhimmanci da ba za ka samu a toka ba, wato naitirojin, wanda mu 'yan Nijar muka koya da sunan azot. Shi yana bin hayaƙi ya koma iska. Duk wanda ya tara karan gonarsa ya cinna masa wuta don ya "share" ta, azot ɗinsa ya aika sama.

Waɗannan ukun, azot da fosfor da fotasiyam, su ne haruffan da ke jikin buhun takin zamani mai lamba 15-15-15. Halinsu ba ɗaya ba ne, kuma bambancin halin nan shi ne rabin labarin. Azot ɗan yawo ne: ruwa ya wanke shi zuwa ƙasa, rana ta busar da shi, wuta ta kore shi. In ya yi wa tsiro ƙaranci, sai tsiron ya janye na tsofaffin ganye ya kai wa sababbi, shi ya sa ɗorawar take farawa daga ƙasa. Fosfor kuwa ɗan zaman ɗaki ne. Inda yake nan yake, ba ya bin ruwa sai ɗan kaɗan, dole saiwa ta je ta same shi. Hatsin da ya rasa shi yakan tsugune, saiwarsa ba ta yaɗuwa, wani lokaci ganyensa ya yi ja-ja mai duhu. Kuma tsiro ba ya da haƙori. Sai abin da ya narke cikin damshi yake iya tsotsa da 'yan siraran gashin da ke bakin saiwa. Ƙasa ko ta cika da abinci, in ta bushe, daidai take da rumbun da aka ɓatar da tsaninsa.

Wannan ne ya sa muka daɗe muna ɗora wa ruwa laifin komai. Ba ƙarya muka yi masa ba, amma ba shi kaɗai ba ne. Wasu masana na Mali da Holan sun yi shekaru suna auna ciyawar makiyaya a wajen Niono, suka fitar da sakamakon a 1982. Abin da suka gano ya girgiza mutane da yawa: in ka bar can arewa inda ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, a yawancin Sahel ƙarancin azot da fosfor ne ke tsayar da ciyawa kafin ƙarancin ruwa ya tsayar da ita. Sun kuma nuna cewa ciyawar arewa, ko da yake ba ta da yawa, ta fi ta kudu ƙarfi, domin ɗan azot ɗin da ta samu bai tsinke cikin dogon kara ba. Duk Bafillace ko Buzun da ke kora garke zuwa Azawak da damina ya san wannan a jikin shanunsa, ko bai taɓa jin sunan Niono ba.

Ciyawar daji kuwa ba wanda yake kai mata buhun taki, amma tana tsirowa kowace shekara. Asirinta shi ne abincin ba ya fita, zagaye yake yi. Ƙarangiya da komayya, masu rayuwar damina ɗaya, suna zuba mafi kyawun abin da suka tara cikin 'ya'yansu, su bar busasshen kara maras ƙarfi. Gamba, mai shekaru, kafin ta bushe sai ta mayar da nata cikin saiwa ta adana. Itatuwa ma haka suke yi: kafin ganye ya kaɗe, suna janye wani kaso na azot da fosfor zuwa rassa, kamar mai tashi daga gidan haya yana kwashe kayansa. Abin da ya faɗo ƙasa, gara da ƙwari da ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne magadansa. Duk rani ƙananan halittun nan suna kwance, ba sa aiki sai kaɗan. Ranar da ruwan fari ya sauka, ranar da ƙamshin ƙasar nan yake tashi, sai su farka gaba ɗaya su hau ci, su saki azot mai yawa cikin 'yan makonni. Shukar da ta riski wannan lokacin ta ci gari. Wadda ta makara sai ta tarar ruwa ya riga ya gangara da shi inda ƙaramar saiwa ba ta kaiwa. Gaggawar da tsofaffi suke yi na binne iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, har da wannan a cikin ribarta, duk da cacar da ke ciki.

To, gawo fa?

Mu yara muna cewa gawo mai gardama ne, don yana yin ganye da rani, ya zubar da shi da damina, saɓanin sauran itatuwa. Gardamar nan ita ce alherinsa. Saiwarsa tana nutsawa har ta kai ruwan ƙarƙashin ƙasa. A Senegal an bi ta har fiye da mita 30. Saboda haka da rani yana ci yana sha daga zurfin da hatsi ba zai taɓa gani ba, ya ɗora abin a ganye, sannan ya sauke shi a saman gona daidai lokacin da ake shuka, ya kuma janye inuwarsa ya ba hatsi rana. Ban da haka, shi dangin wake ne. Ka tumɓuke wake ko gyaɗa ko gadagi, za ka ga 'yan ƙullutai a saiwa. Ka fasa mai rai da farce, cikinsa ja ne kamar nama. Gidan wasu ƙwayoyin halitta ne da suke kama azot daga iska, wadda kusan kashi 78 cikin 100 nata azot ne, su ba tsiro, shi kuma ya biya su da sukari. Gawo da bagaruwa da dakwara duk suna wannan cinikin.

Amma ni na daina ba gawo lada shi kaɗai. Ka je gindinsa da azahar a watan Afrilu. Duk dawa ba inuwa sai tasa, ga 'ya'yansa suna faɗowa, awaki da shanu da raƙuma sun taru suna ci suna tuƙa suna kashi suna fitsari. Ciyawar da suka ci da safe a kan tudu mai nisan kilomita biyar, a nan suke sauke ta. Tsuntsaye ma nan suke kwana. Wani ɓangare na arzikin gindin gawo ba shi ya haifa ba, tara masa aka yi. Har ma masu bincike a Sadore, kusa da Yamai, sun lura cewa gawo yakan fi kamawa a inda ƙasa dama take da ɗan dama-dama. Wato mai shi ake ƙara wa.

Haka taki yake baki ɗaya. Saniya ba ta ƙera azot ko fosfor, dako take yi daga dawa zuwa gona. Lokacin kakana, bayan girbi, yakan ba Bafillace damman hatsi don garkensa ya kwana a gonarmu sati biyu ko uku, ana matsar da makwancin. Wannan ya fi kwasar taki a amalanke, domin kaso mai yawa na azot ɗin da dabba take fitarwa yana cikin fitsari, shi kuwa fitsari ba a loda shi a buhu. Sai dai dabarar tana buƙatar dawa mai faɗi: hekta masu yawa na makiyaya ne ke ciyar da hekta ɗaya ta gona. Da gonaki suka cinye dawa, suka matse burtali, ba makiyayi kaɗai aka ƙuntata wa ba. Manomi ya toshe hanyar abincin gonarsa da hannunsa, sannan ya koma yana faɗa da mai kawo masa.

Inda zagayen nan ya tsinke gaba ɗaya, shi muke kira fako. Adar kuwa ta san fako. Ƙasarmu tsaunuka ne masu shimfiɗaɗɗen kai, da gangare mai tsakuwa, da kwaruruka a tsakani. Da aka sare itatuwan kan tsauni, fari kuma ya ƙarasa ciyawa, sai ɗigon ruwan sama ya riƙa dukan ƙasa tsirara har ya yi mata ɓawo kamar daɓe. Ruwa ba ya shiga. Ganye ko kashin akuya in ya faɗi, iska ta kwashe. Ƙwayar ciyawa ba ta da inda za ta maƙale. Ruwan da ya kamata ya jiƙa tudu sai ya taru ya zama kori, ya yanki gonakin kwari, ya cika madatsar Ibohaman da yashi. Ba talauci ne kawai ke damun fako ba, ba ta da hannun riƙe abin da aka ba ta.

A 1984, shekarar yunwar da mutanenmu suka raɗa wa El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, maza sun watse ci-rani, wasu ba su dawo ba. A wannan shekarar aka fara aikin raya karkara na Keita, da kuɗin gwamnatin Italiya, da hannun hukumar FAO, da abincin hukumar PAM wanda ake biyan ma'aikata da shi. Mafi yawan ma'aikatan mata ne. Innata tana cikinsu. Ina tuna ta tana fita da asuba da diga a kafaɗa da gammo a ka, ƙanwata a goye. Kan tsauni katafila take kafta ƙasa a ja kunya, mata su jera mata duwatsu. A gangare kuwa, inda mota ba ta hawa, hannu ne kawai: a haƙa dogon rami a gicciye, a tara ƙasarsa a gefen gangare, a dasa ɗan itace a tsakiya. Jera dutse a gona ba baƙon abu ba ne a Adar, gandari muke ce masa tun kaka da kakanni. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne yawan. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak, kuma cikin kimanin shekara ashirin an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 30,000.

Kowa yana cewa ramukan nan na kama ruwa ne. Gaskiya ne. Amma ka leƙa ɗaya bayan shekara biyu ka ga me ya kama ban da ruwa: laka, ɓarɓashin ganye, kashin awaki, ƙwayar ciyawa, da ƙurar hunturu. Ƙurar nan da muke tsinewa don tana sa mura, daga Sahara take, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na Chadi, tsohon gindin tafki, kuma tana ɗauke da fotasiyam da alli da ɗan fosfor. Kowace shekara tana sauka kyauta. Wanda yake da abin tare ta, dutse ko kara ko kurmin sabara, shi take zama wa. Wanda gonarsa take fayau, ta wuce shi, har ta ɗebi tasa ta ƙara gaba.

Tassa ma haka take aiki, da ƙarin ma'aikaci guda. Wasu manoman Illela ne suka je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga yadda ake faɗaɗa ramin shuka ana zuba masa taki, suka dawo da dabarar, ta bazu har wajenmu. Kana haƙa ramin da rani ka sa taki cike da hannu biyu. Gara ta ji ƙamshi ta zo daga ƙarƙashi, ta huda fakon da hanyoyinta, ta ja takin ciki, ta turo lallausar ƙasa sama. Ruwa na zuwa sai ya bi hanyoyin. Garar da ke cinye mana rufin ɗaki da gindin rumbu, a fako ita ce garma. Baba ko rami ba ya haƙawa wani lokaci. Sai ya saro rassan kalgo da sabara ya shimfiɗa a kan tabon fako ya tafi abinsa. Shekara na zagayowa ka ga yashi ya taru, ciyawa ta leƙo.

A kwarin Majiya, ƙasar Buza, an bi wata hanyar tun 1975, lokacin da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan bedi, wato dogon yaro, bibbiyu, da tazarar mita 100 tsakanin layi da layi. Bedi ba dangin wake ba ne, ba ya kama azot, kuma duk manomin da layin ya bi ta gonarsa zai gaya maka kunyoyin da ke kusa da shi ba sa yin kirki. Aikinsa shi ne ya karya iska, ƙasar sama ta zauna, ƙaramin hatsi ya tsira daga bulalar yashi. Da aka auna, amfanin da ke tsakanin layukan ya fi na fili, ko an cire abin da inuwa ta ci.

Yanzu ga nawa laifin. Shekarar da Baba ya rasu gonar ta dawo hannuna, ni kuma ina Madawa da albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Na sa aka tumɓuke duk sabarar da ke ciki har saiwa, don in ga gona tas irin ta littafi. Bayan girbi wani mai kiwon tumaki ya yi mini tayin karan, na sayar duka, har guntayen. Na yi haka shekara uku. A ta huɗu hatsin bai kai ƙirji ba, ƙuduji ya rufe gefen yamma da jan furensa, shi kuwa ƙuduji ƙasar da ta gaji yake so. Inna ta zagaya gonar da sandarta ba ta ce komai ba sai da muka kai bakin hanya. Ta ce, "Ɗan nan, ka sayar da hatsi, ka sayar da kara, ka cire sabara. Ita me ka bar mata ta karya kumallo?" Mafi yawan fotasiyam ɗin da hatsi ya sha a kara yake zama, ba a zangarniya ba. Na sani a takarda. Ban hana kaina ba, domin kuɗin kara yau ake ba ka, ladan barinsa kuwa sai baɗi. Ban ga laifin talakan da ya sayar don ya sayi magani ba. Ni dai ba magani na saya ba.

Akwai kuma ramin da gawo da gara ba za su iya cikewa ba, kuma nan nake rabuwa da masu cewa itace kaɗai ya isa. Azot ana iya kamo shi daga iska. Fosfor babu shi a iska. Akwai wasu siraran zaruruwa, dangin naman kaza, da ke manne da saiwa suna miƙa mata hannu zuwa inda fosfor ya ɓuya, amma su ma nemo wanda yake nan suke yi, ba sa ƙera sabo. Ƙasarmu kuwa tun asali matalauciya ce a fosfor. Ka tsaya a tashar albasa ta Sabon Gida ko ta Galmi lokacin kaka, ka ƙirga manyan motocin da ke tafiya Akara da Abijan. Kowane buhu yana ɗauke da ɗan fosfor da fotasiyam na fadamar Tarka ko ta Majiya, kuma ba mai dawo da ɓawonsa. Masu albasa sun gane, shi ya sa suke sayen taki ko da bashi. Mai hatsin tudu ne ba ya iyawa.

Abin haushi, akwai dutsen fosfat a nan jihar Tawa, an daɗe da saninsa, an gwada garinsa a gonaki an ga yana aiki, sai dai a hankali yake narkewa, kuma garin yana bin iska wajen watsawa, manoma ba su so shi ba. Abin da ya fi karɓuwa shi ne dabarar da cibiyar ICRISAT ta Sadore da abokan aikinta suka yaɗa: maimakon watsa buhu a gona, a sa ɗan kaɗan, kimanin giram 6 na 15-15-15, cikin marfin kwalbar lemo, a ramin shuka. Da yake fosfor ba ya tafiya, sai a kai shi bakin saiwa. Ƙaramin tsiron ya samu ƙarfin yaɗa saiwa da wuri, ya riski azot ɗin ruwan fari kafin ya tsere. Ni haka nake yi yanzu, a cikin tassa, a kan taki. Ina kuma barin rabin kara a kwance. Sabarar da na tumɓuke ba ta dawo ba, amma kalgo ya tsiro daga tsohon kututture, na bar masa rassa uku ina yi masa aski, irin sassaben zamanin da ya bazu daga Maraɗi. Gawo ya zama bakwai, huɗu ba su wuce tsayina ba, na kewaye su da ƙayar magarya saboda awaki.

Bara, bayan sallar layya, na ɗauki Inna a babur zuwa gangaren da suka yi aiki. Ramukan sun cike, sai ka lura sosai za ka gane layinsu. Wasu itatuwan sun mutu, wasu an sare su an yi gawayi, wani gefen ya koma fako kamar ba a taɓa taɓa shi ba. Amma inda dakwara da bagaruwa suka kama, akwai inuwa, ga busasshiyar ciyawa har idon sawu, wani yaro yana kiwon awaki tara. Ta ce in tsaya. Ta sauka da ƙyar, ta durƙusa gindin wata dakwara, ta tona da yatsu. Saman ƙasar, kamar kaurin yatsa biyu, ya yi duhu, akwai ɓarɓashin ganye da hanyoyin gara. Ƙarƙashinsa jar tsakuwar nan ce da ta sani. Ta murza baƙar a tafin hannu, ta sansana, sannan ta ɗaga kai tana ƙirga layukan daga sama, tana neman wanda ita da maƙwabciyarta marigayiya suka haƙa ranar da digarta ta karye.